Gaisuwar da Abdulwahid Ya Katse

Akwai wani ɗan fatoma a birnin Haɗeja, tun kafin Turawa su shigo ƙasar nan, ana ce masa Abdulwahid. Labarinsa zan ba ku yau, kuma tun farko ina gaya muku, ni mutumin nan bai taɓa burge ni ba.

Mahaifinsa, Malam Zarami, shi ne fatoman. Wato gidansa fatake ke sauka in sun shigo gari. Ya ba su ɗaki, ya ba dabbobinsu turke, ya haɗa su da masu saye. Kakanninsa daga wajen tafkin Chadi suka taso, shi kuwa a Haɗeja aka haife shi. Shekara arba'in ya yi yana zama a zauren gidan nan, kuma babu irin mutanen da bai gaisa da su ba.

In Buzu ya zo da gishiri, Malam Zarami ya san ba a damƙe masa hannu. Tafi ake shafawa a kan tafi, a janye, a sake shafawa, har a gama tambayar mutane da raƙuma. In Babarbare ne, a yi musabaha, a kai hannu ƙirji, a sake miƙawa, ana "ushe, ushe". In Banufe ne ya rusuna, sai ka ga tsoho da farin gemunsa shi ma ya rage tsawo daidai da baƙonsa. In kuwa Bafillatanin daji ne, murya ƙasa-ƙasa, kowa na kallon gefe, ana jero gaisuwa ɗaya bayan ɗaya.

Da tsufa ya zo, idonsa ya rufe, sai ya miƙa zauren ga babban ɗansa namiji, Abdulwahid.

Abdulwahid ya taɓa zama a Kano wajen wani kawunsa. Shekara uku kacal ya yi. Amma da ya dawo, in ka ji yana magana sai ka rantse da shi aka gina ganuwar birnin. Ya dawo da riga mai aska takwas, da kwalbar turare, da wani ra'ayi da ya ɗauka ilimi ne. A wajensa gaisuwa iri ɗaya ce a duniya: sallama, musabaha sau ɗaya, "lafiya lau", a shiga magana. Duk abin da ya wuce haka ƙauyanci ne.

Ita kanta musabahar awo yake mata. Mai babbar riga, hannu biyu. Mai matsakaiciya, hannu ɗaya. Wanda ya shigo da ƙurar hanya a jikinsa kuwa, kan yatsu biyu yake samu, sannan a goge yatsun a tabarma yana kallo.

Yana da wasu abokai uku da ke wuni a zauren. Ba su da sana'ar da ta wuce cin goronsa da yin dariya in ya yi magana. Su ne suka ƙarasa lalata shi, don mutum in ya samu masu yi masa dariya kullum, sai ya zaci hikima yake zubawa.

Wata rana wani Buzu ya sauka da raƙuma shida. Ya miƙo hannu, ya shafa tafin Abdulwahid, ya janye, ya sake miƙowa.

Abdulwahid ya ɓoye hannunsa cikin riga ya ce, "Malam, tafina ba wuyan raƙuminka ba ne da za ka yi ta shafawa. Kuma ka sauke wannan tsumman daga bakinka in ji abin da kake faɗa."

Abokai suka kwashe da dariya. Buzun ya janye hannunsa. Ya ƙara jan rawaninsa sama har ƙarƙashin ido, ya fita. Kafin la'asar raƙumansa suna durƙushe a ƙofar wani gida.

Bayan wata biyu sai ga Mala Ari, wani dattijon Babarbare mai fataucin kanwa, wanda ya fi shekara ashirin yana sauka a gidan. Suka yi musabaha, ya kai hannu ƙirji. Ya sake miƙowa, Abdulwahid ya karɓa da ƙyar. A karo na uku sai ya bar hannun dattijon a tsaye cikin iska.

"Mala, hannun nan dai shi ne na ɗazu. Bai canza ba."

Mala Ari ya dube shi, ya sauke hannunsa a hankali. Ya ce, "Ɗana, na farko naka ne. Na biyu na mahaifinka. Wannan da ka ƙi, na gidan ne."

Shi ma bai kwana ba.

A cikin gida akwai yayar Abdulwahid, Aisa. Mijinta ya rasu, ta dawo gida, ita ke kula da tukunyar baƙi. Tun tana ƙarama take kai wa matan fatake abinci, a bakinsu ta tsinci Barbarci da Fillanci. Ita ce ta fara lura tuwon da take tuƙawa yana raguwa a akushi saboda babu masu ci.

Ta tare shi a tsakar gida ta ce, "Abdulwahid, me Mala Ari ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini, Yaya. Lokacina yake ci. Mutum ya zo ciniki ya tsaya yana wasa da hannu kamar mai koyon tafi."

"Baba ya yi shekara arba'in yana wannan wasan. Da shi ya ciyar da kai."

"Zamanin Baba daban. A Kano..."

"Na ji Kano," in ji Aisa. "Kullum ina jin Kano. A can ma na tabbata akwai masu hankali, kai ne dai ba ka zauna da su ba."

Ya karkaɗe rigarsa ya fice. Aisa ta so ta kai ƙara wajen mahaifinsu, amma ta dubi tsoho makaho ta ce bari ta bar shi ya huta. Wannan shirun ta daɗe tana nadamarsa.

Aka shiga ƙarshen damina, gero ya nuna.

Malam Zarami yana da gona a fadama, tafiyar kamar awa guda daga ƙofar gari. Gonar tana kan wani ɗan tudu, amma kafin ka isa sai ka ratsa wani kwari mai faɗi. Duk shekara in za a yanke gero, tsohon ba ya yarda a bar shi a gida. Yana son ya zauna a bukka ya ji ƙamshin sabon gero, ya riƙa shafa zangarniya yana faɗin ko ta yi ido. A wannan shekarar ya tafi da matarsa, Iya, da ƙaramin ɗansa Garba, magidanci mai 'ya'ya biyu, wanda ke kula da noman. Suka tafi da jakuna uku.

Abu ɗaya kuma da duk ɗan Haɗeja ya sani: kogin nan ba ya jiran hadari. Ruwan da aka zuba can yamma shi ke gangarowa bayan kwanaki, ko da a nan rana na ƙwallewa. In ya zo da ƙarfi, kwaruruka yake fara cikawa, sai mutum ya waiwaya ya ga babu hanyar gida.

Ranar wata Talata da hantsi, Abdulwahid na zaune da abokansa, sai wani mutum ya yi sallama a ƙofar zaure. Dogo ne siriri, ya kai shekara sittin, da malfa a kansa da sanda a kafaɗa. Ƙafafunsa laka har cinya, wata ta bushe, wata ɗanya.

Sunansa Ja'e, makiyayi ne. Shekara talatin ke nan duk rani shanunsa a gonar Malam Zarami suke kwana, su ci kara su bar taki. Tun jiya ya baro wajen garin Miga, can yamma, da takarkarinsa, wato san da yake ɗora wa kaya, ya ɗaure shi a bayan ganuwa ya shigo da ƙafa. Da idonsa ya ga gaɓar kogi ta fashe a can, ya ga ruwa ya shanye gonaki. Ya san inda ruwan ya nufa, ya kuma san gonar wa ke kan hanyarsa.

Ja'e ya tuɓe takalmi, ya ajiye sanda, ya rusuna. Ya dubi hannunsa ya ga laka, sai ya dunƙule yatsun ya miƙo wuyan hannu, hagunsa na tallafe da gwiwar hannun dama. Duk mai hankali ya san ma'anar wannan: ba na so in ɓata ka, amma ba zan ƙi gaishe ka ba.

Abdulwahid ya dubi hannun, ya dubi abokansa.

"Wannan kuma wace sabuwa ce? Yatsun ne babu, ko dambe ka zo nema?"

Aka yi dariya. Ya taɓa wuyan hannun da kan yatsu biyu, ya goge a tabarma.

Ja'e ya kawar da kai gefe, ya yi ƙasa da murya ya ce, "A wali jam?"

Tambayar kwana ce da Fillanci, kuma amsarta kalma ɗaya ce tak: "Jam." Abdulwahid ya san ta. Tun yana rarrafe yake jin mahaifinsa na faɗinta a wannan zauren.

Ya ce, "Yi Hausa. Nan ba ruga ba ce."

Hausar Ja'e ba ta da yawa, don da Malam Zarami Fillanci suke yi. Amma ya daure. "Ina kwana. Ina gida. Ina iyali. Ina..."

"Lafiya, lafiya, duka lafiya. Me ka kawo? Nono ko man shanu? In su ne, ta ƙofar baya ake shiga."

A nan zan tsaya in faɗi wani abu. A wajen mutanen Ja'e, kai har a wajenmu ma in za mu faɗi gaskiya, ba a jefa wa mutum mummunan labari yana cikin jama'a ba tare da an gaisa ba. Gaisawa ake yi, hankali ya kwanta, a ja mutum gefe, sannan a faɗa masa. Abin da Ja'e ke ƙoƙarin yi ke nan. Da Abdulwahid ya bar shi, duk gaisuwar ba za ta kai tsawon tauna goro ɗaya ba.

Ja'e ya ce, "Malam fa?"

"Malam ba ya ganin kowa."

Ku lura, bai ce Malam yana gona ba. A ganinsa mutum mai laka a ƙafa bai isa a gaya masa inda mai gida yake ba.

"To, in gan ka gefe."

"Gefe?" Abdulwahid ya gyara zama. "Ni da kai? Wane sirri ne tsakanina da kai? Kai ko idona ba ka iya kallo, kana ta kallon bango kamar wanda ya ɗauki wani abu. Faɗi abin da ya kawo ka a nan."

Ja'e ya ga babu mafita. Sai ya ajiye al'adarsa, abin da bai taɓa yi ba a gidan mutane, ya ɗago kai ya ce, "Ruwa. Ruwa yana zuwa. Babba."

Abdulwahid ya leƙa ta ƙofar zaure ya kalli sama. Tas take, ko gajimare ɗaya babu.

"Kun ji, an aiko mana mai duba daga daji. Ruwa yana zuwa." Ya juyo wajen Ja'e. "In na sha kake nufi, ga rijiya can gindin durumi. Ka wanke ƙafafun nan ma in ka je."

Ya juya masa ƙeya, ya ci gaba da ba abokansa labarin yadda ake buga rawani a Kano har ya yi ƙyalli.

Ja'e ya ƙara cewa, "Kogi..." amma dariya ta danne muryarsa. Ya tsaya kaɗan, ya ga babu mai kallonsa. Ya ɗauki sandarsa da takalminsa ya fita.

Bai tafi ba. A tunaninsa Malam Zarami na cikin gida, kuma dole ya fito sallar azahar. Sai ya je gindin durumin ya zauna yana jira, idonsa a kan ƙofar gidan.

Haka hantsi ya wuce. Rana ta take tsaka. Ruwa kuwa yana tafiyarsa.

Ana kiran azahar Aisa ta fito da tulu, don mai kawo musu ruwa bai zo ba. Tana isa rijiya ta ga Ja'e, ta gane shi. Ta ajiye tulun, ta durƙusa daga nesa kaɗan, ta kawar da kai, ta gaishe shi da Fillanci. Ta tambayi kwana, ta tambayi gajiya, ta tambayi iyali da shanu. Yana amsawa, "Jam. Jam." Shi ma ya tambayi nata. Duka-duka ba su wuce lokacin jan guga biyu ba.

Sannan ta ce, "Baffa, lafiya na gan ka da laka haka, kuma ba lokacin zuwanka ba?"

Ya gaya mata komai, da harshensa, tiryan-tiryan. Gaɓa ta fashe ta wajen Miga. Ruwan ya fi na kowace shekara da ya sani. A lissafinsa kafin la'asar zai kai kwarin gonar Malam. A kwashe gero da dabbobi yanzu.

Aisa ta dafa bakin rijiya. Ta ce, "Baffa, Baba yana gonar. Shi da Iya da Garba. Yau kwanansu huɗu."

Ja'e ya miƙe tsaye. Bai tambayi dalilin da ya sa ba a gaya masa tun hantsi ba. Ya saɓa sandarsa ya nufi ƙofar gari da sauri, inda ya ɗaure sansa.

Aisa ta bar tulun a nan, ta shiga zaure kai tsaye, ta tsaya a kan maza huɗu.

"Yaya, nan fa zauren maza ne," in ji Abdulwahid.

"Ban ga maza ba. Mutumin da ka kora da hantsi, ka san abin da ya zo faɗa? Kogi ya ɓalle. Yana kan hanyar gonar Baba."

Goron da ke bakinsa ya tsaya. Ya ce, "To me ya hana shi faɗa?"

"Ya faɗa. Kai ne ka kalli sama."

Kun san abin da Abdulwahid ya fara yi? Cewa ya yi a miƙo masa tsohon takalminsa, don wannan na ƙafarsa sabo ne, laka za ta ɓata shi. Abokan nan uku kuwa, ɗaya ya tuna bai yi alwala ba, sauran biyun suka raka shi.

Aisa ba ta jira shi ba. Ta ɗaure gyalenta a ƙugu ta nufi unguwar masunta, wajen wani mai kwalekwale da ake kira Bunu. Ta same shi yana ɗinkin koma. Duk da gaggawar da take ciki sai da ta gaishe shi, ya amsa, sannan ta faɗa masa. Ya ajiye komar, ya kira maƙwabcinsa, suka ɗauki gorar tura kwalekwale da filafilin tuƙi.

Can gona, Garba ne ya fara jin abin. Yana ɗaure damin gero sai ya ga jakuna na fizgar turke. Ya je bakin kwari ya tarar hanyar da suka bi ta zama kogi, jan ruwa mai tafe da kara da rassan itace. Shi ya iya iyo. Amma ga uba makaho, ga uwa tsohuwa. Ya tsaya yana kallon ruwan yana hawa tudun kaɗan-kaɗan, ya cinye kunya ta farko, ya cinye ta biyu.

Da labarin ya iso su da hantsi, da ƙafa za su fito, da jakunansu da geronsu.

Ana cikin haka sai ga Ja'e a ɗaya gaɓar. Ya tuɓe riga, ya kama igiyar hancin sansa, suka faɗa ruwa. Ruwan ya kai masa ƙirji, ya kai wuya, sannan ya kama wutsiyar san suka yi iyo. Suka fito can ƙasa da gonar, suka hauro.

Malam Zarami na jin muryarsa ya ce, "Ja'e? A wannan lokacin?"

"Ni ne, Malam. Gaisuwa sai mun haye."

Suka ɗora tsohon a bayan san, Garba na riƙe da shi ta gefe ɗaya, Ja'e na jan igiya. Iya ta ce su fara kai shi, ita za ta jira, ai tana gani. Da ƙyar suka haye. Suka ajiye tsohon a kan tudun ɓangaren gari, Garba ya zauna da shi don sanyi ya kama tsohon, Ja'e ya sake juya san cikin ruwa.

A dawowa ta biyu ne abin ya ɓaci. San ya gaji, ruwan kuma ya ƙaru. Suna tsakiyar kwari da Iya a bayansa, wani gungume ya taho ya doke shi a haƙarƙari. Ya kife. Ja'e ya saki igiyar ya cafko zanin Iya, ruwa ya tafi da su har ya haɗa su da wata bishiyar giyayya da ke tsaye cikin kwarin. Ya tura ta kan reshe, shi ya rungume gindin, ruwa na dukan bayansa. Yana kallo sansa ya ɗago kai sau biyu, bai ƙara ɗagowa ba.

Sun fi awa guda a haka kafin kwalekwalen Bunu ya ɓullo, Aisa na zaune a ciki tana kwarfe ruwa da ƙwarya. Aka ciro Iya ba ta iya magana. Hannuwan Ja'e kuwa sai da aka ɓamɓare su daga jikin itacen.

Geron shekara guda ya tafi. Jakuna uku sun tafi.

Kafin su iso bakin tudu, labari ya zaga, mutane sun taru. Wasu suka shiga ruwa har ƙugu suka jawo kwalekwalen, wasu suka ɗauki tsofaffin a kafaɗa. Abdulwahid ma yana wurin. Yana can sama inda ƙasa ta bushe, ya tattare bakin rigarsa da hannu ɗaya, yana nuni da ɗayan, yana cewa a ja ta nan, a bi ta can. Ko mutum ɗaya bai waiwaye shi ba.

Gab da magariba aka iso gida. Aka shiga da Iya ciki, mata suka rufe ta da barguna. Malam Zarami ya ce shi a zaure za a ajiye shi. Aka hura wuta a kasko, aka lulluɓe shi, ya sa aka zaunar da Ja'e a damansa.

Mutanen da suka yi aikin suka riƙa matsowa ɗaya-ɗaya suna yi masa barka da arziki. Bunu ya zo, maƙwabcinsa ya zo, waɗanda suka ɗauko shi suka zo. Kowa ya miƙo hannu, tsohon ya riƙe, ya tambayi sunansa, ya sa masa albarka.

Daga ƙarshe Abdulwahid ya kutso. Ya tsuguna, ya miƙa hannu biyu, ƙamshin turarensa ya cika wurin.

"Baba, barka da arziki. Wallahi hankalina ya tashi."

Malam Zarami ya riƙe hannuwan. Ya shafa tafin, ya shafa bayan, ya bi hannun riga har gwiwar hannu. Bai saki ba.

Ya ce, "Ja'e ya zo gidan nan da hantsi?"

"Ya zo, Baba. Amma mutumin bai iya magana ba ne. Ya tsaya yana ta jan gaisuwa, yana kallon bango, ga shi ko hannu bai iya bayarwa ba. Da ya fito fili ya..."

"Ka amsa masa?"

Abdulwahid ya sunkuyar da kai.

"Na ce, da ya gaishe ka, ka amsa?"

"Na ce masa lafiya."

Tsohon ya juya wajen Ja'e, ya yi masa magana da Fillanci, a hankali. Ya tambayi kwana, ya tambayi gajiya, ya tambayi iyali. Ja'e na kallon ƙasa yana amsawa. Haka suka yi har suka gama. Sannan ya yi masa jajen sansa. Ja'e ya ce wanda ya ba shi ne ya karɓa, kuma da za a sake, zai sake shiga da shi.

Duk wannan lokacin hannuwan Abdulwahid na cikin na mahaifinsa, yana tsugune, ƙafafunsa sun fara sagewa.

Malam Zarami ya ce, "Ka ji tsawonta? Ita ke nan gaisuwar. Ita ce ka ga ta fi ƙarfin lokacinka, har uwarka ta daɗe maƙale a kan reshe."

"Baba, ban sani ba..."

"Ba ka sani ba don ba ka tsaya ba. Tun da aka ajiye ni a nan, mutum goma sha ɗaya suka ba ni hannu. Na masunci, na makiyayi, na mai dako, har da wanda ban taɓa jin sunansa ba. Duka da sanyi, duka sun yi yaushi don daɗewa a ruwa. A cikin garin nan hannu ɗaya ne ya zo mini a bushe, har da turare, kuma shi ne na ɗan da na haifa."

Ya saki hannuwan.

"Garba, daga gobe kai za ka zauna a zauren nan. Abin da ba ka iya ba, yayarka za ta koya maka. Shi kuwa wannan, ku ba shi hanya ya wuce, kada ku ɓata masa riga."

Mutane suka dare gida biyu. Abdulwahid ya miƙe ya bi ta tsakiyarsu, babu wanda ya ce masa ko sannu.

Iya ta yi wata biyu a kwance kafin ta miƙe, kuma tarin da ta ɗauko a ruwan nan bai rabu da ita ba har ƙarshen ranta. Malam Zarami ya zaɓi bijimi mafi kyau da ya samu ya aika wa Ja'e. Abdulwahid kuwa ya tsufa a garin, a wani ɗaki ta bayan gida. Waɗanda suka san shi sun ce har ya mutu, in aka tayar da zancen, cewa yake laifin Bafillatanin ne da bai iya magana ba.

Darasi: Kowace al'umma da yadda take miƙa hannu, da yadda take sunkuyar da kai, da tsawon gaisuwarta, kuma babu wadda taka ta fi don kawai ita ka saba. Wanda ya gaishe ka da irin tasa, girmama ka ya yi da mafi kyawun abin da ya gada. Ka tsaya, ka amsa, ka saurara har ya gama, don ba ka san abin da ke tafe bayan gaisuwar ba. Ku tura wa 'yan'uwa wannan labari, musamman wanda kuka san yana auna mutane da rigarsu kafin ya ba su hannu.